Ɗuri Sina, Dutsen Annabi Adamu ko Jabalun Nur: Wanne Ya Dace da Mai Tashi Daga Kumasi?

Hawan dutse da daddare domin ganin fitowar rana daga ƙololuwa ya fara shiga ran matasan Zangon Kumasi. A Aboabo da Asawase da Sawaba akwai abokai da ke zuba adashi wata-wata saboda tafiya, masu shirya yawon buɗe ido kuma sun gane haka, kullum tallansu na yawo a WhatsApp. Maƙwabtanmu Kiristoci sun daɗe da irin tasu, duk wanda ya tashi a garin nan ya san masu zuwa duwatsun Atwea wajen Nsuta su kwana suna addu'a. Mu kuwa idan an zauna hira bayan Isha'i sunaye uku ne ke fitowa: Jabal Musa na Masar da muke kira Ɗuri Sina, dutsen da ake dangantawa da Annabi Adamu a Sri Lanka, da Jabalun Nur na Makka inda kogon Hira yake.

Wanda zai ciro kuɗinsa ya tashi daga Kumasi takanas saboda wannan hawa, Ɗuri Sina nake ba shi shawara. Dutsen Sri Lanka yana da kyaun da babu mai musu a kai, amma ya fi cin gwiwa, ya fi cin aljihu, ya kuma fi wahalar da mai son sallar Asuba cikin natsuwa. Jabalun Nur lissafinsa daban ne, don ba wanda ke zuwa Makka saboda shi.

Kafin maganar takalmi da bargo, akwai wadda malamanmu za su fara tayarwa, kuma suna da hujja. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, Abu Huraira ya ba da labarin cewa ya je Ɗur, da ya dawo ya haɗu da Basra ɗan Abu Basra Algifari. Shi kuma ya ce masa da ya riske shi kafin ya fita, da bai tafi ba, sannan ya kawo masa hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi ga masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus. Ke nan a kan Ɗur ɗin ne aka yi wannan zance tun zamanin sahabbai. Malamai sun saɓa a kan iyakar hanin, kuma ba ni ne zan raba gardamar ba. Abin da na riƙe shi ne mutum ya je a matsayin matafiyi mai kallon halittar Allah, mai tuna tarihin annabawa. Kada ya ɗauka raka'a biyu a can ta fi ta masallacin unguwarsu lada, kada ya shafi dutse, kada ya ƙullo ƙasa a leda ya kawo wa Hajiya tsaraba. Alƙur'ani ya ambaci Ɗur a wurare da dama, akwai sura sukutum da sunansa, an kuma rantse da shi a Suratut Tin, amma bai nuna wane ƙololuwa ba ne a cikin duwatsun yankin. Sufayen Kirista da suka zauna a can tun ƙarni na 4 ne suka tsayar da wannan, har ya shahara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya zauna da malaminsa tun kafin ya biya kuɗin tikiti.

Tsayin Jabal Musa mita 2,285 ne, a kudancin Sina'i. Adadin yana ba mutum tsoro har sai ya ji cewa garin Santa Katrina da ke gindinsa shi ma ya haura mita 1,500, don haka abin da ƙafa za ta hau mita 700 ne da 'yan kai. Hanya biyu ce. Akwai ta raƙuma wadda aka shimfiɗa zamanin Abbas Basha mai mulkin Masar a tsakiyar ƙarni na 19, tana zagaye a hankali kimanin kilomita 7. Akwai kuma matakalar duwatsu da sufaye suka jera, guda 3,750 har zuwa sama, wadda ake kira matakalar tuba. Da dare ta raƙuman ake bi. Hanyoyin biyu suna haɗuwa kusa da wani fili da ake dangantawa da Annabi Ilyasu, daga nan sai matakala 750 na ƙarshe, waɗanda babu raƙumin da ke hawa, kowa da ƙafarsa. Mai matsakaicin ƙarfi yana cin awa biyu da rabi zuwa uku.

Wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu na dare ake tashi. A bakin hanya akwai shingen 'yan sanda, su duba fasfo, su duba jaka, sannan a haɗa ku da ɗan jagora. Wannan dole ne a Ɗuri Sina, ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai. 'Yan jagoran 'yan ƙabilar Jabaliyya ne, Larabawan dutse Musulmi, waɗanda tarihinsu ya haɗe da na gidan sufayen Kirista da ke gindin dutsen tun gina shi. Namu siririn saurayi ne da silifa a ƙafa, ya raɗa wa ayarinmu suna, duk inda hanya ta karkata sai ya kira sunan cikin duhu mu amsa, da haka yake ƙirga mu. Warin raƙumi yakan riga raƙumin isowa, sai ka ji huci a kafaɗarka, ka matsa gefen dutse, mai shi ya wuce yana tallan haya. Duk bayan ɗan nisa akwai rumfar duwatsu mai fitila, da shayi mai zafi da biskit da benci da aka shimfiɗa wa darduma.

A ayarinmu akwai wani dattijo ɗan Yalwa da ya haura sittin. A rumfa ta biyu na ga numfashinsa ya canza.

"Baba, bari mu ɗaukar maka raƙumi."

"A'a ɗana, bari ƙafa ta yi nata tukuna."

A rumfa ta uku shi da kansa ya ɗaga wa mai raƙumi hannu. Da aka sauke shi a gindin matakalar ƙarshe, ya haska tocila sama, ya ga yadda duwatsun suka miƙe, ya ce, "Ku je, Allah ya kai ku lafiya. Ni nan zan yi Asubata." Mai rumfa ya ba shi bargo, ya zauna a bakin ƙofa, kuma da gari ya waye ya ga duwatsu sun yi ja daga inda yake. Wannan shi ne babban abin da ya fifita Ɗuri Sina a wurina. Dutse ne mai uzuri. Wanda ya gaza yana da raƙumi, wanda raƙumin ma bai kai shi ba yana da wurin zama mai ɗumi da mutane a kusa, kuma bai dawo hannu rabbana ba. A yi cinikin raƙumin kafin a hau, a kuma tsayar da inda zai kai ka. Da saukowa kada a hau shi, sirdin katako ne, gangara tana tura mutum kan ƙahon gaba.

Sanyi ne abin da mutumin Kumasi ya fi rainawa, kuma shi ke kayar da shi. Abin da muke kira sanyi a nan lokacin hunturu yana wajen digiri 20 ne da asuba. A kan Jabal Musa daga Disamba zuwa Fabrairu ma'auni yana sauka ƙasa da sifili, wani lokaci har ƙanƙara ta zuba. Ko a watannin zafi iskar asuba tana ratsa ƙashi. Yadda abin yake kama mutum shi ne, yana hawa yana gumi, sai ya isa sama da sauran awa guda kafin alfijir, ya zauna, jiƙaƙƙiyar rigar ta huce a jikinsa. Maganin shi ne riguna a jere waɗanda za a iya cirewa a mayar, da busasshiyar singileti a jaka da za a canza a rumfar ƙarshe. 'Yan gwanjon kasuwar Kejetia suna da duk abin da ake bukata da araha: rigar sanyi mai kauri, hular ulu mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa biyu. A sama ana ba da hayar bargo da 'yar katifa, a riƙe canjin kuɗin Masar saboda su da shayi da banɗaki. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, abayar kuma kada ta ja ƙasa, don matakalar ba a sassaƙe take daidai ba.

A ƙololuwar akwai ƙaramin coci da aka gina a 1934, a gefensa kuma ƙaramin masallaci. Idan rana ta kusa fitowa za ka ji wasu ayarin Kiristoci suna waƙoƙinsu da harsuna iri-iri, wasu suna karanta dokoki goma, Musulmi kuma sun idar da salla suna lazimi a lulluɓe. Abin da ake gani duwatsu ne tsirara, babu bishiya babu gari, jeri bayan jeri, suna tashi daga toka-toka zuwa ja. Daga kudu maso yamma Jabal Katrina ne, mita 2,629, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Masar. Mai neman kore da gajimare ba zai samu a nan ba. Mai son ya ji irin ƙasar da Annabi Musa ya yi kiwo a cikinta zai samu.

Ana saukowa kuma akwai ƙari. Gidan sufayen Santa Katrina, wanda Sarkin Rum Justiniyan ya sa aka gina tsakanin 548 da 565, har yau da sufaye a ciki, kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. A cikin ganuwarsa akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyawa, wajen 1106, hasumiyarsa tana maƙwabtaka da ta ƙararrawa. Sufayen suna ajiye da kwafin wata takardar amana da suke cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba magabatansu. Masana tarihi suna tattaunawa kan ingancinta, amma sarakunan Musulmi sun yi ta girmama ta ƙarni bayan ƙarni. Ga ɗan Zango da ya tashi katanga ɗaya da coci, wannan abin kallo ne na musamman. 'Yan awoyi ne da safe ake buɗe wa baƙi, ba a buɗewa ranar Lahadi da ranakun idinsu, Juma'a ma ba abar dogaro ba ce. A zaɓi daren hawa da wannan a zuciya.

Shawara ɗaya kan hanya. Yawancin tallan da ake turowa na kwana ɗaya ne daga Sharm el-Sheikh ko Dahab: a ɗauke ka da daddare, tafiyar awa biyu zuwa uku a mota, ka hau, ka sauko, a mayar da kai. Ya fi araha, amma za ka fara hawa da gajiyar mota, ka gama ba barci. Daga Alƙahira kuwa tafiyar ta haura awa shida, ta ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suez, ga shingayen tsaro a hanya. Wanda yake da hali ya isa Santa Katrina da rana, ya kama ɗaki, ya yi barci bayan Isha'i, jikinsa ya saba da iskar tudu.

Dutsen Sri Lanka tsayinsa mita 2,243, kusan ɗaya da na Masar, amma hawansu ba ɗaya ba. 'Yan ƙasar suna kiransa Sri Pada. A samansa akwai wani gurbi a jikin dutse mai siffar sawun ƙafa, tsawonsa ya kusa mita biyu. Mabiya Buddha suna cewa sawun Buddha ne, Hindu suna cewa na Shiva ne, Musulmi da wasu Kiristoci kuma suna cewa nan Annabi Adamu ya fara taka ƙasa. Wannan na ƙarshe ya zo ne a ruwayoyin masu tarihi da wasu masu tafsiri da suka ambaci Sarandib, tsohon sunan tsibirin a bakin Larabawa. Alƙur'ani bai faɗi wurin ba. Ibn Baɗɗuɗa ya hau dutsen a 1344, ya ba da labarin hanyoyi biyu, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u, da sarƙoƙin ƙarfe da ake kamawa a hau, ta goma ana ce mata sarƙar shahada saboda wanda ya isa nan ya dubi ƙasa sai ya kama kalmar shahada don tsoro. Yanzu siminti da dogarin ƙarfe sun maye gurbin yawancin wahalar, amma tsayin yana nan.

Hanyar da aka fi bi tana tashi daga ƙauyen Nallathanniya, wanda ake kuma kira Dalhousie, bayan garin Hatton mai gonakin shayi. Matakala ce kusan 5,500, hawan kuma wajen mita 1,000. Farkonta da sauƙi har mutum ya fara raina ta, ƙarshenta kuwa a miƙe take, hannu biyu a kan ƙarfe. Babu raƙumi, babu jaki, babu mota. Tun daga ƙasa kana hango fitilun hanya sun yi layi har sama, ka ɗauka an kusa, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne. Awa uku zuwa huɗu ne ga mai lafiya idan hanya a buɗe take. Saukowar ta fi hawan ciwo, don kowace taka tana dukan gwiwa a kan siminti, kuma da yawa sukan yi kwana biyu suna ɗingishi. Mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki ya yi wa kansa adalci.

Yana da lokacinsa. Daga daren da farin wata ya cika a Disamba zuwa wanda ya cika a Mayu ne lokacin ziyara, a nan ake kunna fitilu, rumfunan shayi suna buɗe duk dare, kuma ba a bukatar ɗan jagora don hanya ɗaya ce cike da mutane. Bayan wannan lokaci damina ce: duhu, santsi, matsattsaku a cikin ciyawa, da gajimaren da kan rufe ƙololuwar har a sha wahala a banza. Wanda ya nace sai a lokacin, to ɗan jagora ya zama dole a kansa. Su kuma watannin ziyarar matsalarsu cunkoso ce. Ranakun cikar wata hutu ne na ibada a ƙasar, haka ƙarshen mako da sabuwar shekararsu a tsakiyar Afrilu, kuma a irin waɗannan darare matakalar ƙarshe takan cushe kamar Kejetia ranar jajiberin salla. Mutum yana iya tsayuwa awoyi wuri ɗaya, rana ta fito masa a kan layi. Duk da haka akwai abin da ya taɓa ni a cikin taron: tsofaffin mata cikin fararen kaya, wasu ba takalmi, jikoki sun riƙe su hagu da dama, suna hawa taka ɗaya-ɗaya suna rera addu'o'insu, ba mai ture su.

Ladan wahalar ba ƙarami ba ne. Ƙasa kore ce shar, gajimare yana kwance a ƙarƙashinka, tafkuna suna ƙyalli a tsakanin tuddai. Jim kaɗan bayan fitowar rana, idan sama ta yi garau, inuwar dutsen takan faɗa kan hazo ta yamma, mai kusurwa uku daidai. Yawancin mutane suna can sun zuba wa gabas ido har ta wuce su, don haka da rana ta ɓullo a zagaya baya.

Sai dai ƙololuwar wurin ibadar mabiya Buddha ne, a hannunsu take, kuma a nan ne bambancin da ya fi damuna yake. Ana cire takalmi da hula kafin a shiga harabar, a kan siminti mai sanyi. Sawun yana cikin ɗan ɗaki, masu ziyara suna bin layi suna sunkuyar da goshi a gabansa, wannan layi ba na Musulmi ba ne. Lokacin fitowar rana ana kaɗa ganguna ana gabatar da hadaya. Babu masallaci a sama, babu kuma filin da za ka shimfiɗa darduma ba ka tare wa wani hanya ba, kuma ba daidai ba ne ka kafa sahu a tsakiyar wurin bautar wasu. Dabarar ita ce a lissafa lokaci, a tsaya a ɗaya daga rumfunan hutawa na ƙasa da ƙololuwa, a yi Asuba da shigar alfijir, sannan a ƙarasa. Wannan yana nufin wataƙila ka rasa wurin tsayuwa mai kyau a sama. Macen da ke da hijabi za ta fi samun sauƙi idan ta tsaya a matakalar da ke ƙasa da harabar, daga nan ma ana ganin komai.

Alƙibla ma sai an kula. Mun saba a Kumasi mu fuskanci wajen fitowar rana, mu ɗan karkata hagu. A Sri Lanka Makka tana yamma maso arewa, mai salla zai juya wa alfijir baya. A Ɗuri Sina tana kudu maso gabas, kuma masallacin da 'yan jagoran sun isa su nuna maka. A duka biyun a yi alwala a masauki a riƙe ta, don ruwan da ke kan dutsen kamar ƙanƙara yake, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a shafa a kan safar yadi, sai huffin fata. A tuna kuma daidai lokacin da rana take ɓullowa lokaci ne da aka hana nafila, sai ta ɗaga. Wanda shauƙi ya ɗebe shi ya ga wuri ya yi kyau, ya yi tasbihi, ya jira.

Jabalun Nur shi ne kaɗai a cikin ukun da babu shakka a kan tarihinsa. A kogon Hira ne ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ suka sauka, wajen shekara ta 610. Tsayinsa kimanin mita 640, nisansa da Harami 'yan kilomita ne, matakalarsa ta haura dubu, mai ƙarfi yana hawa cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Babu sanyi, zafi ne abokin gaba, shi ya sa ake hawa da dare. Ba a bukatar ɗan jagora. A riƙe jaka da kyau saboda birai, a kuma san cewa kogon ƙarami ne, mutum biyu ko uku yake ɗauka, ga matsatsin dutse kafin a kai gare shi, ga turereniya. A gindin dutsen yanzu akwai cibiyar tarihi ta Hira mai baje kolin labarin wahayi, tsofaffi za su iya tsayawa nan. Hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, malaman can suna nanata haka. Abin da nake so alhazanmu su auna shi ne farashinsa na ainihi. Wanda ya kwana a kan dutsen don ganin fitowar rana ya bar sallar Asuba a Masallacin Harami, inda salla ɗaya ta fi dubu ɗari a waninsa, kuma kwanakinsa a Makka ƙidayayyu ne. Wannan ciniki ban ga ribarsa ba. Mai son hawa ya yi Isha'i a Harami, ya je ya hau, ya sauko kafin kiran farko. Zai ga fitilun Makka da hasumiyar agogo daga sama, ya ji a ƙafarsa irin hanyar da Manzon Allah yake bi da guzurinsa, Asubarsa kuma tana nan.

Ta fuskar kuɗi da takardu tazarar a fili take. Daga Accra akwai jirgin EgyptAir kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar wajen awa shida, Masar tana da ofishin jakadanci a Accra, kuma da wuya ɗan Zango ya rasa ɗan uwa ko ɗan unguwa da ke karatu a Azhar wanda zai tarbe shi. Abinci halal ne ko'ina, ɗan Larabcin makaranta yana aiki. Zuwa Colombo ta Sri Lanka sai an sauya jirgi a Doha ko Dubai, kusan yini da kwana a hanya, sannan a kama doguwar hanyar tudu zuwa Hatton. Musulmi kusan kashi goma cikin ɗari ne na mutanen ƙasar, ana samun masallatai da gidajen abincinsu a garuruwa, amma a ƙauyen gindin dutsen sai an yi tambaya. Ƙasashen biyu duk sai da biza ga mai fasfon Ghana, duk kuma suna neman katin rigakafin shawara, a fara neman takardun da wuri. Hawan kansa a Sri Lanka kyauta ne, a Masar kuma akwai kuɗin shiga yankin da na ɗan jagora, amma wannan bai kai ko kusa da bambancin tikitin jirgi ba. Ɗan kasuwar da ya riga ya saba zuwa Dubai ko Indiya sayayya, shi ne wanda Sri Lanka za ta zo wa da sauƙi.

Duk wanda aka zaɓa, kada a tashi daga kujerar shago a nufi dutse. Wata biyu kafin tafiya a riƙa hawa da sauka a matakalar bene da jaka a baya, da takalmin da za a tafi da shi, don sabon takalmi a kan dutse ƙuraje ne. Ranar hutu a je tafkin Bosomtwe, a sauka Abono, a hau gangaren da ƙafa. Wanda ya samu dama ya je Afadjato a jihar Volta ta Liati Wote, hawan gajere ne amma a miƙe, zai gaya wa mutum gaskiyar gwiwarsa. Wanda Afadjato ya kwantar, ya manta da Sri Lanka a bana. Mai hawan jini, ciwon suga ko asma ya ga likita tukuna.

Kamfanin da zai kai ku a yi masa tambayoyi kafin a ba da ko sidi ɗaya. Mutum nawa ne a hannun ɗan jagora ɗaya? Idan wani ya gaza a hanya, wa zai tsaya da shi? Kuɗin ɗan jagora da na shiga suna ciki, ko a can za a ce a kawo? A ina za a yi Asuba, kuma an ware mata lokaci? Wanda ya amsa da "kada ku damu" kawai, a nemi wani.

Saura lokaci. A shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu, yana kuma matsowa Janairu, wato tsakiyar sanyin Sina'i da tsakiyar lokacin ziyarar Sri Lanka, don haka a cire shi daga lissafi. Tsakanin ƙaramar salla da babba duka biyun suna yiwuwa, sai dai a Masar iskar bazara takan ɗauko ƙura ta dusashe sararin sama. Oktoba da Nuwamba sun fi dacewa da Ɗuri Sina, sanyi bai yi tsanani ba, a lokacin kuma dutsen Sri Lanka yana cikin ruwa. A duba kwanan watan Musulunci kafin a yanki tikiti. Daren sha uku zuwa sha biyar ya dace da Ɗuri Sina, farin wata yana haska hanyar raƙuma har a kashe tocila. A Sri Lanka waɗannan dararen ne na cunkoso, a kauce musu, a zaɓi Talata ko Laraba a tsakiyar Janairu ko cikin Maris.